Yadda Za Ka Tarbi Surukarka da Kujerun Taya

Ɗan'uwa, in ka komo Umdurman ka tarar an kwashe gidanka tas, har kujerun auren matarka, alhali ka riga ka ce mata a waya "komai na nan yadda kika bari", kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka aurenka ba zai girgiza ba. Maƙwabcina Sharafaddeen, direban raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya gwada, kuma yana nan da ransa.

1. Kada ka ce an sace

Ce ka sauya ra'ayi. Munira, matar Sharafaddeen, tana garin Kosti ita da mahaifiyarta, Hajja Rabi'atu, tun da yaƙi ya kore su. Ranar da ta ce suna tafe, ya zauna dirshan a tsakiyar falo, don ba wani wurin zaman, ya kira ni. Na ce masa wanda aka yi wa sata abin tausayi ne, amma wanda ya rabu da kayansa don kare muhalli wayayye ne. Ya zaɓi wayewa.

2. Zarce Mantiƙa Sinaiya

Unguwar masana'antu ke nan; bayan garejoji za ka bi. Tsofaffin tayoyi, katakon akwatunan kaya, ƙofar da ta rabu da gidanta, duk ka ɗora a raksha. Hamuda mai gareji ya tare Sharafaddeen: "Ya zol, bawan Allah, me za ka yi da mushen taya?"

"Kujera."

Hamuda ya daɗe yana kallonsa, ya ƙara masa biyu, ya ce Allah ya ba shi lafiya.

3. Igiya da fenti

Ɗora taya kan taya, ka saƙe bakin da igiya kamar yadda ake saƙa angarib, gadon kakanninka. Ƙofar ta zama tebur. In yana rawa, ce da gangan ne. Sai fenti: shuɗi ya fi, yana sa mutane su zaci ka yi karatu a waje.

4. Haddace kalmomi

"Mai ɗorewa." "Ceton itatuwa." "A Turai ma layi ake yi." Faɗe su a hankali kana shafa gemu. In ba ka da gemu, shafa teburin, amma kada ka danna.

5. Zaɓi kujerarka da sauri

Da su Munira suka iso, Hajja ta shigo lulluɓe cikin farin tob ɗinta, lafayar matan Sudan, ta nufi kujerar kusa da taga. Nan Sharafaddeen ya tuna ita ce ta ƙarshe da ya shafa wa fenti. Ya yi tsalle ya riga ta zama. Jallabiyarsa ta manne wa ɗanyen fentin. Daga nan ya yi gaisuwa, daga nan ya yi huɗubar itatuwa, gumi na zuba.

Munira ta dubi bango, ta dubi tayoyin, ta kira shi da sunan 'yarsu. "Abu Iman, ina kujeruna?"

"Ai duniya ta ci gaba, Munira. Yanzu kaya masu ɗorewa…"

"Zahra maƙwabciyarmu ta turo min hoton falon nan tun bara. Kukana na gama shi a Kosti. Jira nake in ji da wane baki za ka faɗa min."

6. In an kama ka, yi shiru

Munira ta shafa igiyar, ta ga tafin hannun mijinta duk ya sassaɓe, ta kau da kai don kada ya ga tana murmushi.

Hajja kuwa ta zauna a wata kujerar, ta motsa, ta sake motsawa. "Wannan ba ta sa min ciwon baya," in ji ta. "Ɗana, gidana na unguwar Mayo ma ko tabarma ba su bari ba. Haka gidan ƙanwata a unguwar Hajj Yusuf, da na gwaggona. Tunda kana son itatuwa, bismillah, sai ka haɗa mana mu ma. Tashi ka kawo min ruwa."

Ya tashi. Kujerar ta tashi tare da shi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ruwansa da jallabiyar da ta lalace, ko raksha da ta daina ɗaukar fasinja ta koma jigilar taya, ko surukar da ta mayar da kai kafintan dangi. Mai ƙorafi kada ya zo gidana, don ba inda zan zaunar da shi: Hajja ta ce nawa kujerun sai an gama na 'yan'uwa.