Malami Ɗaya, Aji Biyu, Bene a Tsakani

Jama'a, ku taya ni murna, na zama mutum biyu. Ni ma ban sani ba sai da sabon jadawalin darussa na jami'armu ya fito. Na ga sunana ranar Talata da ƙarfe goma a ajin ƙasa ina koyar da kiwon kifi, na kuma gan shi a daidai wannan lokacin a hawa na uku ina koyar da renon itatuwa.

Talatar da ta wuce na gwada. Na yi wa 'yan ƙasa sallama, na rubuta kan darasi a allo, na ce ina zuwa, na tattare riga na ruga sama. Kafin numfashina ya dawo, 'yan ƙasa sun fara bubbuga tebur. Ina hawa ina sauka har kaina ya juye. Na faɗa ajin masu kifi na ce a riƙa yi wa kifin aski kafin damina, a sare duk reshen da ya bushe. Wallahi suka rubuta. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu a ladabce ta ce, "Malam, da almakashi ko da adda?"

Na yi dariya har da dafa allo, amma abin ya tsaya mini a rai. Jarrabawa ta ƙarato, kowane aji rabin malami ya samu, rabin ma mai haki. In yaran nan suka faɗi, ba jadawali iyayensu za su zaga ba.

Da yamma maƙwabcina makanike ya gan ni ina jan ƙafa. Da ya ji labari sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, abu mai sauƙi. Bari in ɗaura maka igiya ta taga, 'yan sama su riƙa jawo ka kamar guga." Uwargida kuwa tana shafa mini man zafi a gwiwa ta ce, "Ni dai a gaya mini wanne na aura, na sama ko na ƙasa."

Washegari na ɗauki kukana na kai wa Mai Girma Daraktan Daidaita Nauyin Aiki, Allah ya ƙara masa sanyin ofis. Shi ne uban na'urar da ta tsara jadawalin, wadda aka ƙaddamar da jawabai da tafi da hotuna. Na durƙusa iyakar abin da gwiwa ta yarda.

"Ranka ya daɗe, an haɗa mini aji biyu a awa ɗaya. A taimaka a matsar da guda."

Ya juyo mini da fuskar kwamfuta yana murmushi. "Malam, na'ura ba ta kuskure. Duba nan. Awa ɗaya kacal kake aiki ranar Talata, abokan aikinka kuwa biyu suke yi. Ai kai ne mai sauƙin kaya a sashenku."

"Ranka ya daɗe, gwiwata fa?"

"Babu gurbin gwiwa a manhajar."

Duk da haka ya yi alkawarin duba lamarina a ranar. Kuma a nan dole in yaba, don tun da na fara aiki ban taɓa ganin babba ya cika alkawari da wannan sauri ba. Kafin in isa sashenmu saƙo ya riga ni. Tunda an gano ina da sarari, an ƙara mini darasi na uku. Don kada a takura mini, an sa shi ranar Talata da ƙarfe goma. Ɗakunan karatu duk sun cika, saboda haka sababbin ɗaliban za su tsaya a kan matakalar bene, tunda dama ta nan nake wucewa.

Yau muka fara. Yara ne masu tarbiyya, suna manne wa bango su ba ni hanya. In zan hau in jefa musu rabin jimla, in zan sauko in cika musu. Masu kifi da masu itatuwa kuma kasonsu ya ragu daga rabin malami zuwa sulusi, Allah ya ba su sa'ar jarrabawa.

Sai a hawana na ƙarshe na tsaya na tambayi wani dogo a cikin 'yan matakalar sunan darasin da nake koya musu. Ya duba littafinsa ya ce, "Dabarun Tsara Lokaci, Malam."