Rasuwar 'Yar Shila, Taraktar Malam Sirajo na Badarawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai mai cike da tambayoyin da ba su da amsa, Malam Sirajo na Badarawa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura ta, rasuwar taraktarsa wadda aka fi sani da 'Yar Shila. Ta rasu bayan doguwar jinya ta ciwon giya. Babu wanda ya riƙe shekarunta. An dai san mahaifinsa ne ya kawo ta gidan tana sheƙi, ya raɗa mata wannan suna, ta tsufa sunan bai tsufa ba.

Marigayiyar ja ce a ƙuruciyarta, kafin rana ta mayar da ita launin tsohon tulu. Mai haƙuri ce, ba ta da son abin duniya. Ta daɗe da yafe batir, don haka a kan tudun ƙofar gida take kwana, fuskarta na kallon gangare. Da safe maƙwabta su taru su tura, ta yi tari sau ɗaya, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan a ji tuk, tuk, tuk-tuk-tuk-tuk, baƙin hayaƙi ya tashi, kaji su watse. Ta yi huɗa a gonar mai hali da ta marar hali, ba ta taɓa tambayar ta wane ce ba. Ta ɗauki gero da dawa zuwa kasuwar Shinkafi. Ta kai kayan amare da yawa, waɗansu ma ta koma ta kwaso su, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga ribas. Wata rana aka nemi ta ja da baya, ta ce garrr, ta ƙi. Malam Sirajo, wanda mutum ne mai yawan zama shi kaɗai yana juya magana a rai, ya ɗauki abin a matsayin hali nagari, ya ce a shekarunta ba ta da abin da za ta koma ta ɗauko. Sai dai daga ranar, in za ta juya, sai ta zagaye unguwa gaba ɗaya. Daga nan giya ta biyu ta fara fita da kanta. Ya riƙa danne sandar giyar da gwiwa, da gwiwar ta gaji ya ɗaure ta da robar tsohon tayar keke.

Da abin ya ƙi, aka kira Atiku bakanike daga Ƙaura Namoda. Ya kwance murfi, ya zura hannu cikin mai, ya fito da haƙoran giya a tafinsa kamar tsakuwa. Nan aka shiga neman magani. An je Gusau, an je Ƙofar Ruwa a Kano, an je Panteka a Kaduna, an aika wa wani direba samfur zuwa Maraɗi. Ko'ina sai a juya ƙarfen a hannu, a kira na shagon gaba ya zo ya gani, a ɗauke shi hoto da waya, a mayar wa mai shi cikin girmamawa. Wani dattijo a Panteka ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana da gashi a ka.

Da aka rasa na saye, aka koma ga na ƙira. Mai walda ya ɗora mata sababbin haƙora, ya goge su da magagari. Suka yi gona guda suka zube. Sai aka samu mai injin feƙe ƙarfe ya yanko giya sukutum daga ƙarfen wata tsohuwar tirela. Wannan kam ta yi kyau, ta yi ƙarfi, ƙarfin ne ma ya jawo abin da ya faru, domin ta fi maƙwabtanta tauri, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta cinye. Har yanzu Malam Sirajo bai gama yanke hukunci ba: laifin sabuwar ne da ta zo da ƙarfinta, ko na tsofaffin da suka ƙi tashi su ba ta wuri, ko nasa da ya haɗa su ɗaki ɗaya? Maganarta ta ƙarshe, a bakin gonarsa, ita ce ƙaras, garrr, ƙas. Daga nan ƙafa ta tsaya. Amma inji ya ci gaba da tuk-tuk ɗinsa lafiya lau, kamar bai san abin da ya faru a bayansa ba.

Wannan ne ya jinkirta sanarwar, kuma jama'a na da hakkin jin dalili.

A Moriki akwai Sodangi, taubashin Malam Sirajo, ɗan gwaggonsa Hindu. Yana da tarakta irin marigayiyar sak, sa'arta ce. Tasa injinta ya buga tun bara, amma giyarta garau. Atiku ya ce maganin mai sauƙi ne: irin waɗannan a tsakiya ake raba su, a ɗauko gaban wannan a ɗaura wa bayan waccan, a samu guda mai rai. Abin da bai faɗa ba shi ne ta wa za ta zama. Malam Sirajo ya ce rai yana inji, murya ma a can take, duk abin da aka ɗaura wa injinsa nasa ne. Sodangi ya ce kujera da sitiyari da wurin ɗaura garma duk a bayan suke, shi bai taɓa ganin mai tarakta zaune a kan inji ba. Aka tsaya a nan. Kowa ya san wanda ya fara cewa tasa ta mutu, shi ne zai ba da rabinsa. Sai kowa ya zauna yana jinyar tasa, yana jiran rasuwar ta ɗan uwansa.

Sodangi ya riƙa zuwa dubiya, sifana na leƙowa daga aljihun rigarsa.

"Taubashi, ya mai jiki? An ce ta bar tahiya."

"Da sauƙi. Hutawa takai. Ya taka gawar?"

"Tawa kurma ce, ba gawa ba. Wagga kau ko makaho ya taɓa ta ya san sai haƙuri."

"To cire hannunka daga kanta, ba a gama ba."

Ana cikin haka ruwan fari ya sauka. Aka yi na biyu. Masu shanu suka yi huɗa suka shuka. Gonar Gwaggo Hindu, wadda tun rasuwar mijinta ɗayansu ke yi mata huɗa kowace shekara, kuma daga ita take ci har kaka ta zagayo, ta zauna ciyawa na rufe ta. Kowannensu ya san da haka, kowannensu ya bar wa ɗayan.

Malam Sirajo ya bi ta wajen gonar wata safiya, ya hango mutum duƙe a tsakiyarta. Da ya matsa sai ya ga gwaggonsa ce, da fartanya, ta ɗaure ƙugu da gyale, ta share wuri bai fi shimfiɗar tabarma ba, tana haki.

"Gwaggo, don Allah ki aje wannan. Mutane na kallo."

"Su kalla."

"Ki ba ni kwana kaɗan, magana muke da Sodangi."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa baya, ta dube shi.

"Sirajo, ɗiya biyu gare ni masu mota. Guda na da gaba, guda na da baya. Ku ci gaba da maganarku, ba ni hana ku. In kun ƙare ku aiko mani da ita in dafa. Matsa, kana tsaye inda za ni sara."

Ya koma gida ya zauna a inuwar 'Yar Shila. Ya juya tambayar gaba da baya yadda ya saba, ya ga har yanzu shi ke da gaskiya: rai yana inji. Sai dai ya lura tun da ya fara samun gaskiyar nan ba a shuka ko ƙwayar gero ɗaya da ita ba. Ya tashi ya kashe injin da hannunsa, wanda kullum yake tayarwa da batirin aro don a ji tana da rai, ya rufe ta da tamfol, ya aika Moriki a gaya wa Sodangi cewa an yi rashi.

Marigayiyar ta rasu ta bar mai gidanta, wanda zai koma tafiya da ƙafa. Ta bar garma mai faranti uku, da tirela mai ƙafa ɗaya lafiyayya, da jarkar gas wadda ba ta taɓa cika ba. Ta bar matura da yawa a unguwa, waɗanda ciwon bayansu zai riƙa tuna musu da ita. Ta bar kaza mai kwanci a ƙarƙashin kujera, an ba ta wa'adi. Ta kuma bar magaji ɗaya, Sodangi, wanda ake roƙo ya rage fara'a har a watse.

Za a yi rabuwa da ita ranar Asabar da hantsi a ƙofar gida, inda Atiku zai raba ta biyu. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, kada a ja wa liman magana. Gaban zai tafi Moriki da rana tsaka, saboda halin da hanya take ciki. Bayan zai zauna a kan tudunsa. Ana sanar da 'yan gwangwan cewa ba na sayarwa ba ne, kada su zo ta'aziyya da sikeli. Sharaɗin gadon ɗaya ne, an kuma yi shi gaban shaidu: garma ba za ta taɓa gonar kowa ba, har ta Sodangi, sai ta gama ta Gwaggo Hindu. Wanda ya ji muryar marigayiyar na tashi daga can cikin makon nan, kada ya gudu.

Saura magana ɗaya da ta dami mai makoki. Akwai wani hali na injin da shi kaɗai ya sani, ya kuma daɗe yana tunanin ko wajibi ne ya gaya wa magaji. Mai sayarwa dole ya faɗi aibin kayansa, amma shi ba sayarwa ya yi ba, kuma ba a tona asirin mamaci. Don haka ya yi shiru. Yana dai roƙon masu zuwa gaisuwa kada su wahalar da kansu da goro ko dabino. Duk mai niyyar alheri ya sayi baƙin mai, gwargwadon ikonsa, ya kai wa Sodangi. A kai da yawa, kuma a riƙa kaiwa.