Ranar da Na Kai Surukina Kallon Injin Rana

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na gayyaci Baba Issufu lambuna ba. Shi ne mahaifin Saratu, yarinyar da nake so, kuma ya ce ba zai ba da ita ba sai ya ga yadda nake riƙe sana'a.

A lokacin na sayo injin ban ruwa mai aiki da farantan hasken rana. Duk masu lambu a bakin tabkin Madarumfa da esansi, wato fetur, na garin Ɗan Issa suke aiki. Suna cewa nawa ya yi tsada, kuma in ya lalace babu mai gyara sai Maraɗi. Ni ban damu ba. Na riga na gama tsara komai a raina (laifin littattafan soyayya ne): ruwa na gudu cikin fangalin ganyen salati, Baba na share hawaye, Saratu na murmushi daga nesa.

Ranar da na saya, da hantsi mai sayarwa ya gwada min injin, ya yi aiki sumul. Ni kuwa na ce Baba ya zo bayan sallar asuba, don tun kakanni da sanyin safiya ake ban ruwa a wurinmu. Ban taɓa tunanin inji na da nasa lokacin ba.

Na saka sabuwar shadda, har da turare. Da Baba ya iso, na yi bisimilla, na danna makunnin injin. Shiru. Na sake dannawa. A lambun maƙwabcina Lawali kuwa injin esansi sai ruri yake.

"Ango, in ara maka nawa?" in ji Lawali ta saman shinge.

Baba ya shimfiɗa buzunsa ya zauna. "Ɗana, shi wannan ba ya tari ma kafin ya tashi?"

Na ce ai shirunsa ne kyansa. Na goge farantan da hannun riga, na ja waya, na yi addu'a. Rana ta ɗaga ban lura ba. Daga ƙarshe na ɗauki tiyon na kafa ido a bakinsa, ko wani abu ya toshe. A daidai nan ruwan ya iso.

Hula ta yi gabas. Na faɗi zaune cikin taɓo, shadda ta manne min a jiki. Baba ya yi dariya har sai da ya riƙe ciki.

"Yana aiki," ya ce. "Sai dai ɗan zamani ne irinku, ba ya tashi da asuba."

Ya ba ni Saratu, ya ce wanda ya jure wannan zai jure aure. Irin injin dai bai saya ba, wai sai ranar da ya koyi sammako. Ni kuma na koyi abu guda: kafin ka sa wa manya lokaci, fara tambayar rana ƙarfe nawa take fitowa aiki.