Gyaran da Na Yi wa Rubutun Kakan Yusuf

Shekarata ta biyu a Alƙahira, ɗakinmu ɗaya a Hayyin Ashir da Yusuf, ɗalibi ɗan ƙasar Sin. A bangonsa akwai rubutun Sinanci na marigayi kakansa, wanda ya yi da buroshi. Ni kuwa gwanin alƙalami tun makarantar allo, sai na hango wuraren da tawada ba ta kama ba, fari-fari. Yana fita darasi na sauke takardar, na cike su tsaf, na zauna jiran godiya.

Da Yusuf ya dawo, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Akhi, shekara arba'in Kaka ya yi yana koyon barin wannan farin."

Na ce, "Ma'alish," wato "yi haƙuri" a bakin Misirawa.

Har yau, kowace Sallah sai ya turo mini hoton sabon rubutunsa, da saƙo: "Daga nesa dai, Malam Mai Gyara."