Nomau da Katunan Shago Ɗari Uku

Gidan su Nomau a Kwarin Tsamiya mutum uku ne da akuya: shi, matarsa Tabawa, da tsohuwarsa Iya Kande. A cikinsu akuyar ce kaɗai ba ta taɓa aiken Nomau ta yi da-na-sani ba. Ni Barau, ɗan baffansa, wanda ya bar makaranta a aji uku don malamai sun kasa biye mini, ni na samo masa aiki a shagon injin ban ruwa inda nake tsaron sito. Manajanmu, Alhaji Sambo, ya ce gwajin wata ɗaya ne: in bai kawo mai saye ko ɗaya ba, ya koma ƙauye. Tabawa kuwa ta riga ta gama shela a bakin rijiya cewa mijinta ma'aikaci ne.

Wata rana Manaja ya ce masa, "Duk wanda ya bugo waya, ka gaishe shi sosai kafin maganar kaya." Waya ta yi ƙara. Nomau ya tsuguna ya ɗauka. "Ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali? An yi ruwa wajenku? Ya dabbobi?" Yana kan lafiyar maƙwabta mutumin ya kashe. "Me yake so?" in ji Manaja. "Ba mu kai nan ba, ranka ya daɗe. Amma kowa lafiya."

Wata rana aka kira taron ma'aikata. Manaja ya miƙa masa littafi ya ce, "Ka rubuta duk abin da aka faɗa, kada ka bar komai." Da aka gama ya ce ya karanto. Nomau ya miƙe. "Manaja ya ce dole kowa ya riƙa zuwa ƙarfe takwas. Malama Saratu ta ce a hankali, shi da yake zuwa sha ɗaya. Direba ya ce, kuma ya zo ya yi barci." Daga ranar, da an hango Nomau da littafinsa sai shago ya yi tsit.

Wata rana aka buɗe baje kolin kayan noma. Manaja ya ba shi katin shago ɗari uku masu lambar waya, ya ce, "Ka raba wa mutane, ka saba da su." Nomau ya zo sito ya tambaye ni waɗanne mutane. Na ce, "Duk mai numfashi. Fara daga bakin ƙofa." Ai kuwa ko zauren baje kolin bai shiga ba. Masu gadi, mai shayi, direbobin da ke jiran iyayen gidansu a gindin dalbejiya, kowa ya samu. Da Nomau ya dawo shago ya ba da labari, Manaja ya dafe kai. "Manyan manoma na ciki, ka ƙarar mini da kati a kan direbobi? To je ka sayar wa direbobin! Saura kwana uku." Ni kuwa ina bayan kwalaye, dariya har da hawaye.

Wata rana, wato washegari, Nomau ya koma wajen baje kolin don sayar wa direbobi, tunda haka aka ce. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwar nan tasa. Wani dattijo, Malam Ilu, ya ce, "Ɗan'uwa, ni ko gona ba ni da ita. Amma injin uwar ɗakina Hajiya Dije ya ƙone, albasarta na bushewa a fadama. Katunan da ake ba ta a ciki, a mota take zubarwa, ni nake sharewa." Da yamma sai ga mota a ƙofar shagonmu. "Ilu, nan kuma ina ne?" in ji Hajiya. "Wajen mutumina ne, Hajiya. Shekara tara ina kai ki taro, shi kaɗai ya taɓa tambayata jikin mahaifiyata." Inji huɗu ta saya.

Manaja ya rungume Nomau. "Aiki ya zama naka! Wa ya koya maka wannan dabara?" Na fito daga sito ina gyara hula. Nomau ya buɗe littafinsa. "Ranar Talata Barau ya ce, ka ba kowa, mu ga yadda Manaja zai yi tsalle da tumbinsa."

Yanzu Nomau ke zuwa taro. Ni nake ɗaukar masa jaka, kuma ba na magana a hanya.