Kulocin da Ya Jiƙa Wando

"Lafiya lau, in ka cire ɓarawon motar da na wayi gari da shi a zuri'ata," in ji tsoho, ya ƙi karɓar hannun da jikansa ya miƙo masa.

A gareji suke, motar tsoho na tsakiya. Tun yana direban asibiti yake riƙe da ita, ko ƙofarta ba ya bari a buga. Da ya ba jikan aro, sai yaro ya ƙara wa injin ƙarfi, ya sauya salansa, ya sa mata kulocin motar tsere, mai tauri kamar ana taka dutse. Jiya a danja ta yi ta zabura tana mutuwa a hannun tsoho, na baya suna ta hon. 'Ya'yansa suka ce tsufa ne, a karɓe makulli. Abin da ya kawo shi ke nan, ransa a ɓace.

"Ɓarawo? Ni da na tashi gawa?" in ji jikan. "Motar da akuya ke wuce ta a hawa!"

"Akuyar ta fi ka tarbiyya. Wa ya ce ka sa mini wannan ƙarfen?"

"Naka na da sulɓewa yake, Kaka. Inji ya yi ƙarfi, shi ya tsufa. Kamar wani da na sani."

"Rufe mini baki, mai kai kamar murfin tukunya!"

"Gwiwarka ce ta ƙare, kuloci bai yi laifi ba. Ba ni makulli, ka koma kujerar baya. Dama matata ta ce ta gaji da jijjigarka."

"Kakar taka ce matarka? Kai da ko sabulu ba ka taɓa saya mata ba?"

Bakaniken garejin ya matso. Ya ɗauko faifan kuloci biyu ya ajiye a kan benci: irin na asali mai laushi, da wani matsakaici mai sifirin a cikinsa, wanda zai riƙe ƙarfin injin, ya kuma kama a hankali cikin cunkoso.

"Wannan na tsakiyar na masu zuwa karɓar fansho ne," in ji jikan. "Namiji sai na tsere."

Tsoho ya ji abin har ƙirjinsa. Ya tuna malamin da ya koya masa tuƙi, mutum mai farar riga, wanda ba ya ba kowa sitiyarin motar marasa lafiya sai ya ga ya tashi mota da kofin ruwa a ciki, ruwan bai zube ba. Ya je randar gareji ya ciko kofi taf, ya ɗora a kan dashbod, daidai gaban direba.

"Shiga, namiji. Ka kai ta bakin ƙofar can a hankali, yadda ake tafiya a cunkoso. In ruwan nan bai zube ba, ga makulli, na bar tuƙi har abada. In ya zube, a cire ƙarfenka yau."

"Shi ke nan? Fara bankwana da sitiyari, tsoho."

Tsoho ya miƙa makullin, don da gaske yake.

Jikan ya tayar da inji, ya sa giya, ya soma sakin kuloci kamar mai taka ƙwai. Mota ta yi shiru, ta yi shiru, sannan ta zabura gaba ɗaya ta mutu. Kofi ya kife a cinyarsa.

Ya fito a hankali, gaban wandonsa sharkaf. Bakanike ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

"Ikon Allah," in ji tsoho. "Ashe kai ma gwiwarka ta ƙare? Zan gaya wa matar taka ta shimfiɗa maka leda."

"Kaka, don Allah kada maganar nan ta je gida."

"Za ta je, har da ƙari. Sau nawa ka jiƙa mini cinya kana goye? Yau na rama."

Jikan ya dubi wandonsa, dariya ta ƙwace masa. Ya ɗauki faifan tsakiyar ya miƙa wa bakanike, ya danƙa wa kakansa makulli.

"Riƙe abinka, mugun tsoho."

"Zan riƙe. Kuma ba za ka hau mini kujera ba sai ka bushe."