Jan Tawul a Bakin Dam

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kai Kawu Alhaji shan iska. Lokacin ina karatun digiri na biyu a Greensboro ta Amurka, matata Binta tana Zariya. Mahaifinta ya kafe, ya ce ba za ta biyo ni ƙasar da mutane ke yawo tsirara ba, sai ƙaninsa, wato Kawu Alhaji, ya gani da idonsa. Da aiki ya kawo Kawu Amurka, sai ya ware min kwana biyu. Duk abin da ya je ya faɗa a gida shi ne hukunci.

Ni kuwa baki ya fi ni girma. Na yi ta kurara garin, na ce mutanen nan masu kunya ne, coci ya fi shago yawa. Na ce akwai wani dam da nake zuwa kullum in yi karatu, wuri ne natsattse. (Wallahi ban taɓa taka shi ba. Wani ɗan ajinmu ne ɗan McLeansville, wani ƙauye kusa da garin, ya kwatanta min, yana wani murmushi da ban kula da shi ba.)

Muka ajiye mota muka bi wata 'yar hanya cikin bishiyoyi, Kawu da babbar riga da kyamara a wuya. La'asar ta yi, ba mu zo da darduma ba. Sai ga jan tawul tsaf a rataye a reshe. Na ce wani ne ya manta, bari mu ara Kawu ya yi salla a kai. Na saɓa shi a kafaɗa, na wuce gaba kamar gonar ubana.

Muna shan kwana na rangaɗa sallama. Mutum kusan goma ne kwance a bakin ruwa, maza da mata, galibi dattawa, ko zare babu a jikinsu. Da suka hango kyamara sai wuri ya hargitse: wasu suka faɗa ruwa, wata tsohuwa ta rufa da jarida. A bayana Kawu yana ta salati.

Wani dattijo ya taso yana kare gabansa da malafa. Cikin ladabi ya roƙe mu mu rage murya, don an hana wanka a dam ɗin, kada masu gadi su ji. Ya ce tawul ɗin da ke kafaɗata alama ce: wanda ya gan shi zai yi tari ko fito kafin ya ƙaraso, ba a zura ido, ba a shiga da kyamara. Ya ce duk mai zuwa nan ya san haka. Na miƙa masa tawul ina kallon sama.

Muka koma mota muka hau babban titi. Ni dai na riga na sallama Binta a raina. Can Kawu ya ce, "Ka ce kullum nan kake zuwa karatu?"

To, ko in zama maƙaryaci ko in zama mai leƙen tsiraici. Na zaɓi ta farko, na rantse masa yau ne zuwana na fari, cika baki ne kawai. Ya ce ya yarda, don wanda ya saba zuwa ba zai sace musu tawul ɗin da ke zaman ƙyaurensu ba.

Da ya koma gida, cewa ya yi a gaggauta turo Binta, yaron nan bai kamata a bar shi shi kaɗai a ƙasar can ba. Ta iso bayan wata huɗu, kuma labarin ya riga ta shiga dangi kaf. Tun daga ranar, wurin da ƙafata ba ta taka ba, bakina ba ya yi masa shaida.